Jaririn Kwaɓi da Hannuwan Harata

Mama Harata ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ni 'yarta ce. Duk wanda ya ji wannan magana ya tsaya yana lissafi, to ba ɗan garinmu ba ne. Mu Maori na gabar gabashin New Zealand kalma ɗaya gare mu, fangai. In ka ciyar da mutum, fangai ka yi. In 'yar'uwarki ta haihu ta miƙo miki jaririn ki raina, shi ma fangai ne. Kakanninmu ba su ga dalilin raba abin gida biyu ba.

Erana ce ta haife ni, ƙanwar Mama. Ita Erana ko wandon mijinta ta wanke sai ta ɗauki ciki. Harata kuwa ta haura shekara goma a gidan Nikora, ciki ya shiga ya zube, ya sake shiga ya zube, har likitan birnin Gisborne ya daina ce mata a ƙara haƙuri. Da Erana ta sami cikina, kakarmu ta tara su a kicin, ta nuna cikin da ludayi ta ce wannan na Harata ne. Ba a yi wa kaka gardama in tana riƙe da ludayi. Ina 'yar makonni aka naɗe ni a bargo aka kai ni. Ba a ɓoye mini komai ba. Na tashi na san cikin da na fito, ina ce wa Erana Anti, in wuni ina dambe da 'ya'yanta, in yamma ta yi in koma gidanmu.

Mama gajera ce kakkaura, mai muryar da ake ji daga bakin teku. Ta yi shekaru tana bin ayarin masu askin tumaki daga gona zuwa gona tana dafa musu abinci, ni ina cikin kwali a gefen murhu. Da ƙafafunta suka fara kumburi sai ta koma kicin ɗin marae, gidan taron danginmu, inda duk wani biki ko makoki sai an ji muryarta kafin a ga hayaƙi. Ba ta iya lallashi ba, ko kaɗan. In ka faɗi ka fasa gwiwa, tambayarka za ta yi ko ƙasa ce ta taso ta same ka. Amma ba a taɓa fita gidanta da yunwa ba, har mai karanta mitar lantarki sai ya zauna ya ci.

Abin da aka fi saninta da shi rewena ne, burodinmu mai tsami. Ba a sa masa yis na kanti. Da wani ruwan kwaɓi mai rai ake tayar da shi, wanda muke kira ƙwaro. Nata yana zaune a wata tsohuwar kwalba a bayan murhu, kaka ce ta ɗibar mata daga nata, ita ma kaka daga na uwarta. Kowace safiya sai ta ciyar da shi: ruwan dafaffen dankali, fulawa, ɗan sukari. Yana kumfa, yana huci, yana warin safar da aka manta a cikin takalmi, in an yi zafi kuma ya tunkuɗe murfi ya malalo. Faɗa take yi masa kamar mutum. Baba Nikora yakan ce bakuna huɗu ne a gidan nan, kuma shi ne na huɗu a layi.

In ta gama da ƙwaro sai ni. Zan zo fita makaranta, ta kama haɓata da hannu ɗaya, ta danna babban yatsanta mai fulawa a tsakiyar goshina. Ba ta cewa komai, ba addu'a, ba nasiha. Haka nake shiga aji da farin tabo. Na kai shekarun jin kunya ina gogewa a bayan shinge, ba ta daina ba. Na zama direbar bas ɗin makaranta, mace mai shekara talatin da ɗoriya, ba ta daina ba.

Sai dai akwai wata ƙaya da na daɗe ina yawo da ita. Ina ƙarama, a wani makoki, na shige ƙarƙashin tebur a kicin ɗin marae ina cin abin da ba a ba ni ba, sai na ji wata tsohuwa cikin masu feraye dankali tana cewa gara da aka ba Harata 'yar tsana, da tuni kuka ya haukata ta. Sauran suka ce ai kuwa. Ba da mugunta suka faɗa ba, nan take ma suka koma zancen wata da mijinta ya gudu Ostireliya. Ni kuwa na ɗauki maganar na adana. 'Yar tsana, abin da ake miƙa wa mai kuka don ya yi shiru. Daga ranar, duk sanda yatsan nan ya sauka a goshina sai in tambayi kaina wa take gani: ni Ripeka, ko wancan da bai zo ba, wanda nake riƙe wa wuri? Ban taɓa tambayarta ba. Ta ina zan fara da matar da ko ciwon kai ba ta yarda tana yi?

'Yan fim sun zo garinmu bayan rasuwar Baba ba da daɗewa ba. Tun da aka rufe mayankar dabbobin da mutanenmu ke aiki a ciki, rabin gidajen garin ba kowa, fenti ya ɓare, ciyawa ta kai taga. Abin da ya kori mutanenmu shi ya jawo su daga birnin Wellington. Lokacin hutun makaranta ne, sai suka ɗauke ni da bas ɗina in riƙa kai su ina dawo da su, suka ɗauki Mama ta dafa musu a marae. Daraktan, Fergus, dogon Bature ne siriri mai jan gemu, mai ba da haƙuri fiye da kima. Ko kujera ya bangaje sai ya tsaya ya ba ta haƙuri.

A cikin bas na ji labarin fim ɗin, daga bakin Nola, jarumar. Maori ce ita ma, amma ta birni, a Auckland ta tashi, ba ta san rewena ba sai a naɗe a leda. Ta zauna a bayana tana ba ni labari da ɗoki. Wai wata mata ce ba ta haihu ba. Ran nan tana murza kwaɓi sai ta yi masa kai da hannaye, ta naɗe shi a tawul, abu ya ja numfashi. Ta kulle shi a ɗaki, ta ɓoye wa miji, ta ɓoye wa maƙwabta, tana ciyar da shi ita kaɗai. Shi kuwa sai tashi yake yi. Ya cika gadon jarirai, ya cika ɗaki, ya tsaga ƙofa. Miji ya tsere, ita ta ƙi fita. A ƙarshe ya cika gidan har rufi, ta kwanta a jikinsa ya rufe ta ruf. Nola ta tambaye ni ko ba abin tausayi ba ne. Na taka burkin da ya sa mai kyamara ya sheƙa shayi a wandonsa, na ce tunkiya ce ta gifta. Ba wata tunkiya.

Raina ya ɓaci matuƙa. Duk faɗin ƙasar nan ba su ga inda za su kai wannan ƙazamin labari ba sai garin da Harata take, su kuma tsayar da ita a gaban murhu tana cika musu ciki. Na riga na hango ranar da za a nuna shi. Kowa zai kalli allo, ya saci kallonta, sannan ya saci kallona: ga macen, ga kwaɓin. Na ƙudura ba za ta ji labarin ba har su tattara su tafi. Na manta cewa a garinmu ba a ɓoye wa mai kicin komai. Kafin in sauke su a yammacin ranar ta riga ta ji, har da ƙarin da babu shi a cikin fim ɗin.

Jaririn da suka zo da shi na roba ne, da bututu a bayansa, wani mutum yana kwance ƙarƙashin gado yana hura masa iska. A ido ba laifi, amma Fergus ya ce a kyamara balan-balan ne kawai. Ya yi kwanaki yana jan gemu. Ran nan ya shigo kicin neman ƙarin burodi, ya tarar Mama ta ɗage tsumma daga kan babban kwano. Kwaɓi ya tashi ya yi tsiri. Ta naushe shi a tsakiya, ya yi ajiyar zuciya ya sace, sannan ya fara tasowa a hankali yana cike gurbin hannunta. Fergus ya tsaya da faranti a hannu, baki buɗe. Ya ba ta haƙuri, ya sake ba ta haƙuri, sannan ya roƙe ta ko za ta yarda ta kwaɓa musu jaririn. Kuma tunda Nola ba ta iya murza kwaɓi ba, ko za ta yarda a ɗauki hannuwanta kaɗai a nuna kamar na Nola ne, ai hannun da fulawa ta rufe ba a gane shekarunsa.

Ina bakin ƙofa. Na ce mata da harshenmu kada ta kuskura.

"Ke Ripeka," ta ce, "hannunki za a ɗauka ko nawa?"

"Mama, kin san labarin fim ɗin nan kuwa?"

"Na sani sarai. Mace ce ba ta haihu ba. To wa kike so su kira, Erana?"

Sharaɗi ɗaya ta kafa wa Fergus. Ba za a shafa wa kwaɓinta fenti ba, ba kuma za a zubar da shi ba, don ita ba ta taɓa zubar da abinci ba kuma ba za ta fara saboda fim ba. Duk jaririn da aka gama ɗauka, a mayar mata da shi ta gasa. Haka kuwa aka yi. Da safe ta kwaɓa dodo, da rana ya firgita 'yan fim, da yamma a ci shi da man shanu. Tana tsaye da wuƙa tana tambaya wa ke son cinya, wa ke son kai. Da farko Turawan nan sun riƙa kallon juna, daga baya har rigima suke yi a kan kunne, wai ya fi gasuwa. Rabin gari ya koma cin abincin yamma a marae. Ni ban ci ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda take jin daɗin aikin. Tun rasuwar Baba ban ji tana waƙa a kicin ba sai a lokacin. Ta koyi kalmominsu tana harba musu, ita ce mai cewa a yi shiru za a ɗauka, kafin mai aikin ya buɗe baki. Ta gano cewa zafin fitilunsu yana sa kwaɓi ya tashi da wuri, sai ta riƙa ba Fergus umarni ya hanzarta, yaro ba ya jira. Shi kuwa yana bin ta da to, Anti.

Wata Lahadi da ba a aiki, an gasa duk kwaɓin da ke ƙasa, Nola ta zo marae ta taya mata wanke-wanke. Yarinyar kirki ce, na ba ta wannan, tana son a ce ta san gida. Ta wanke tukwane, ta goge kanta, sai ta ga wata tsohuwar kwalba a bayan murhu da wani abu mai wari ya ruɓe a ciki. Kwalbar Mama ce, ta kawo ta daga gida saboda kwaɓin 'yan fim. Ta juye shi a magudana, ta bi da ruwan zafi da sabulu, ta goge kwalbar har tana ƙyalli, ta ajiye ta a taga.

Da muka shigo, Mama ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Matan kicin suka ajiye wuƙaƙensu. Ni na gaya wa Nola abin da ta zubar, da daga hannun wa ya fito, kuma ban sassauta mata ba. Ta zauna a kan buhun dankali ta fashe da kuka, tana cewa ita ko kakarta ba ta sani ba, ga shi ta kashe na wasu. Mama ta ce mata ta share fuska, kwalbar nan rabonta da wanka tun kafin a haifi uwar Nola, ai ta gode. Sannan ta juyo gare ni ta ce in tayar da mota.

Ba gida a garinmu da babu jikan ƙwaron nan, don duk amaryar da aka yi sai Mama ta ɗibar mata. Ko maƙwabciya za ta iya ba ta. Amma gidan Erana ta ce in kai ta, saboda na Erana ma daga kwalbar kaka ya fito kai tsaye. Muka same ta a baranda tana ɓare kifi, siririya, baki kamar reza. Mama ta miƙa mata kwalba ba tare da bayani ba. Erana ta kalli ƙyallin, ta kalli yayarta, ta yi dariya har da tari. Ta shiga ciki ta fito da tata, ta fara ɗiba da cokali.

"Kullum ke ce mai zuwa gidana hannu wofi ki tafi da abu mai rai," in ji Erana.

"Wancan karon ba ni na zo ba. Ke kika kawo har gida, kina kuka kamar an yanka ki."

"Na yi kuka, ban musa ba. Sati guda nonona yana zuba, ina tsayawa bayan shingenki in ji ko tana kuka. Ke ma ai kin yi."

"Ni hayaƙi ne ya shiga idona."

"A baranda?"

Suka ci gaba da tsiyarsu, ni ina tsaye da makullin mota kamar ba da ni ake ba. Ban taɓa sanin Erana ta yi kuka a kaina ba. A zatona miƙa ni ta yi yadda ake miƙa ragowar abinci, tunda tana da wasu. Na san yanzu abin da aka bayar yana da tsada. Abin da ban sani ba shi ne a wane wuri mai karɓa ta ajiye shi. A hanyar dawowa Mama ta rungume kwalbar a cikin rigar sanyinta tana yi wa ƙwaro faɗa, wai ya yi tsami da yawa, a gidan Erana ba a san tarbiyya ba.

A makon ƙarshe aka zo wurin da matar fim za ta karɓi abin nan a matsayin ɗa. Ɗakin wani kango ne, an toshe tagogi, fitilu sun ɗumama wurin. Jaririn yana kwance a kan tawul, fari sol, ba idanu sai 'yan ramuka biyu, yana ta tasowa a hankali. Hannuwan Mama kawai za a ɗauka. Fergus ya durƙusa kusa da ita ya ce yana da wata shawara, in ba za ta damu ba. Ya ce kullum da safe yana ganin abin da take yi wa Ripeka a ƙofar bas, yatsan nan a goshi, kuma bai taɓa ganin abin da ya fi shi nuna uwa ba. Ko za ta yi wa jaririn haka? Kowa a ɗakin ya ce lallai wannan ya yi kyau.

Ina jingine da ƙofa. Ban san lokacin da na damƙe makulli har ya shiga tafina ba. Na ce a raina to yau zan ga amsata, a gaban baƙi, kuma za a ɗauke ta a ajiye har abada.

Aka ce a yi shiru. Kyamara ta fara. Hannun Mama ya tafi kan jaririn, ɗaya ya tallabi haɓarsa, daidai yadda take kama tawa. Babban yatsan ya ɗaga, fari fat da fulawa, ya tsaya a saman goshin. Ya ɗan jima a nan. Sai ya lanƙwashe ya koma cikin tafin hannu.

"Wannan yana da mai shi," ta ce. "Nemi wani."

Fergus ya yi jajir har kunne, ya fara ba da haƙuri. Ta ce ya bar haƙurin nan ya bar injinsa yana aiki. Sai ta yi wasu abubuwan da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta shafa bayan jaririn da bayan yatsunta, ta gyara masa 'yan hannayensa a kan ƙirji, ta ja tawul ta rufe shi har wuya, ta soke gefe da gefe, ta ɗora tafinta a cikinsa ta bar shi a nan. Ba wanda ya motsa a ɗakin, mai kyamara ma hanci yake ja. Da aka ce an gama, ta goge hannu a zanen gabanta ta fita ba ta kalli kowa ba.

A cikin bas na same ta, ta zauna a kujerar gaba tana kallon teku. Na zauna a mazaunina. Sai kawai na ji bakina yana ba ta labarin ƙarƙashin tebur, da maganar 'yar tsana, da tambayar da nake yi wa kaina kowace safiya. Ta saurara har na gama. Ta tambaye ni wace tsohuwa ce. Na faɗi sunanta. Ta ce ta mutu, ta tsira.

"Saurara, 'yar nan, don ba zan maimaita ba. Waɗanda ba su zo ba, ba su zo ba. Wurinsu yana nan a cikina, ba kowa a ciki. Ba zan yi miki ƙarya ba, yau na leƙa shi. Amma ban taɓa zaunar da ke a can ba. Ko na so ma ba za ki zauna ba, da wannan taurin kan naki. Matar fim ɗin nan da hannunta ta kwaɓa abin da ranta ke so, shi ya sa ya cinye ta. Ke ba ni na kwaɓa ki ba. Kin zo da hancin Erana da baƙin ran mijinta, a shirye. Ni abinci kawai na ba ki."

Da harshenmu ta faɗi wannan na ƙarshe, kuma kalmar ita ce dai fangai. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da na shekara ashirin da wani abu ina bin kaina bashinsa. Ba ta lallashe ni ba, ba ta iya ba. Ta bari na gama, sannan ta ce in tayar da mota, yaro yana can zai wuce gasuwa. A yammacin nan na ci burodin, har na nemi ƙari.

Bayan shekara guda Fergus ya cika alkawarin da ya yi mana kafin su tafi, ya kawo fim ɗin marae kafin a nuna shi ko'ina. Da rana aka yi, aka toshe tagogi da barguna. Gari kaf ya zo. Fim ne mai ban tsoro ƙwarai, wannan ba zan hana su ba, akwai inda na rufe ido. Amma mutanenmu ba su iya kallon fim ba. A wurin da ya kamata a firgita, wani daga baya ya ce wannan cinyar shi ya ci ta. Da dodo ya tsaga ƙofa, tsofaffin kicin suka fara yi wa matar faɗa daga kujerunsu, wai wace irin sakarya ce, kwaɓi in ya yi maka yawa ai raba wa maƙwabta ake yi, me ya kai ta kulle ƙofa. Fergus yana tsaye a bango yana jan gemu, bai san dariya zai yi ko kuka ba.

Kuma an kalle ta, kamar yadda na ji tsoro. Da hannuwan suka bayyana a allo, manya-manya, kowa ya waiwayo. Sai Erana ta fara tafi, ɗaki ya ɗauka. Mama ta ce su rufe mata baki tana kallo. Ni ma an kalle ni, na kuwa bar su suka kalla har suka gaji, da farin tabona a goshi.

Ta rayu wasu shekaru bayan nan, ta rasu a cikin sanyi, ba doguwar jinya. Kwalbar tana bayan murhuna yanzu. Nola ma tana da tata, Mama ce ta ɗibar mata ranar da za su tafi, tare da gargaɗin kada ta yi mata wanka. Har yau takan kira ni daga Auckland ta ce yana nan da rai.

Mama ta tsani hoto. Duk wanda muke da shi, ko ta juya baya, ko ta kare fuska da murfin tukunya. Ba ni da muryarta a kaset, ba ni da tafiyarta. Abin da nake da shi hannuwanta ne, suna motsi, a cikin fim ɗin dodo da na so in kore shi daga gari. Ina godiya ga dogon Baturen nan fiye da yadda ya sani, musamman da bai yanke wurin yatsan ba. Ya cire muryarta, ya bar hoton yadda yake.

Masana fim a birni sun ce wai a nan ne uwar ta fara tsoron abin da ta kwaɓa. Su yi ta faɗa. Ni in kewa ta dame ni sai in sa shi, in wuce duk wuraren tsoro, in tsaya daidai inda yatsan ya ɗaga ya tsaya a saman goshin da ba nawa ba. Ina kallo ya lanƙwashe ya koma cikin tafinta da fulawarsa, bai taɓa komai ba. Washegarin ranar da aka ɗauki hoton nan, da safe, a ƙofar bas, ta sauke mini shi a goshi.